Gyaran jiki daga tukunyar gida: jagora ga mai son rage teɓa ko ƙara ƙarfi a Sakkwato

Yawancin masu cewa "daga Litinin zan fara" ba lalaci ke kada su ba, tsarin da suke ɗaukowa ne bai dace da garin nan ba. Mutum zai ga bidiyon wani a Amurka yana cin abin da ko sunanshi ba a sani ba a Kasuwar Daji, yana motsa jiki a jim mai sanyin esi, sai shi ma ya ce zai yi haka, ya kwana uku yana fama da yunwa da jiri cikin rana mai digiri 42, a rana ta huɗu ya zauna ya cinye tuwon mutum biyu ya ce shi kam jikinshi haka Allah ya yi shi. Abin yana ban takaici saboda duk abin da mutum ke buƙata yana nan cikin gidanshi, gero da dawa da wake da zogale da nono, matsalar dai yadda ake zubawa ne da abin da ake kurɓa a kai da kuma yawan zama. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin daki-daki, ko kai namiji ne ko ke mace, ko ragewa ake so ko ƙarawa.

Mataki na 1: ka san me kake nema, kuma don me

Kafin ka taɓa kwanon abincinka ka zauna da kanka tukuna. "Ina so in rame" ba buri ba ne, magana ce kawai. Burin da zai riƙe ka sai wanda ya taɓa rayuwarka, misali ina so in yi sujada ba tare da numfashina ya sarƙe ba, ina so gwiwa ta daina damuna in na tashi daga tabarma, ina so awon hawan jinina ya sauko, ko babana ciwon suga ya wahalar da shi ba na so in bi sahu. Ka rubuta shi a takarda ko a waya, ranar da zuciya ta karaya shi za ka koma ka duba.

Sai adadi. In kana da kilo 90 kada ka sa ma ranka sai ka koma 65 kafin Sallah. Likitoci sun daɗe da gano cewa rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ma yana taimaka ma suga da hawan jini sosai, wato kai mai kilo 90 in ka sauke kilo 5 zuwa 9 ka riƙe hakan, ka yi babban aiki. Akwai wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 kan mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 na nauyinsu su kuma riƙa motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, har ya fi na waɗanda aka ba maganin suga mai suna metfomin. Saurin da ya dace rabin kilo ne zuwa kilo 1 a sati. Wanda duk ya ce maka zai sauke maka kilo 10 cikin kwana 10 kuɗinka yake so, ɗan'uwa.

Wani abu kuma da dole ka shirya ma shi shi ne bakin mutane. A garin nan tumbi alamar samu ce, da ka fara faɗawa za a fara "Alhaji lafiya dai?", ke kuma gwaggo za ta ce mijinki ba ya ba ki abinci ko kishiya ce ta tayar miki da hankali. Ki tanadi amsa guda gajera, "Lafiya lau Gwaggo, likita ne ya ce in rage", shi ke nan ba sai an ja zance ba.

Mataki na 2: awo

Abu uku. Ka hau sikeli da safe kafin ka ci komai ka rubuta. Ka samu igiya ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa tsakar ka, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saman cibiya kaɗan, in bakin igiyar bai haɗu ba to kitsen cikinka ya wuce yadda ake so, domin ƙa'idar ita ce kada kewayen ciki ya wuce rabin tsawo, mai santimita 170 kada ya wuce 85. Tef ɗin tela ma ya yi. Wannan awon ya fi sikeli faɗin gaskiya don kitsen ciki shi ne ke da alaƙa da suga da ciwon zuciya, kuma akwai siraran mutane masu teɓa da ba su san suna cikin haɗari ba.

Na uku, ka je asibiti ko kemis mai na'ura a auna maka jini da suga. Hawan jini daga 140 bisa 90 zuwa sama in ya maimaitu, ko sugan safe kafin karin kumallo daga 126 zuwa sama, wato 7 a ɗaya ma'aunin, wannan ba maganar abinci kaɗai ba ce, sai ka ga likita. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo na nan, Asibitin Ƙwararru na nan, ga ƙananan asibitocin unguwa. Kuma mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, da wanda ke allurar insulin ko shan maganin suga, don Allah kada ku canza cin abinci sosai sai da shawarar likita, sugan mai shan magani yana iya faɗuwa ƙasa ya sume.

Mataki na 3: fara da abin sha, kada ka fara da tuwo

Nan zan daɗe, don nan ɓarnar take kuma nan ya fi sauƙin gyarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙara ma abinci da abin sha kada ya wuce kashi 10 na abin da mutum ke ci a yini, ga babba kusan giram 50 ke nan, cokalin shayi 12, in da hali ma a tsaya a cokali 6. To robar lemo guda mai 50cl irin su Coke tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wato kwalba ɗaya ta cinye maka rabon yini gaba ɗaya. Yanzu ka lissafa yinin mutumin Sakkwato lokacin zafi, da safe shayi a teburin mai shayi da madara mai zaƙi da sukari cokali uku ko huɗu da biredi, da hantsi kunun zaƙi, da azahar hura da sukari da ƙanƙara, bayan la'asar lemo mai sanyi ko soɓorodo, da dare a majalisa ga shayin buta zagaye uku kowanne kamar zuma. Mutumen nan zai rantse maka shi ba ya da cin abinci, kuma gaskiya ya faɗa, shan shi yake yi. Abin sha mai zaƙi ba ya ƙosarwa, yana wucewa ne ka sake jin yunwa.

Yadda za ka yi, sati biyun farko kada ka canza komai sai wanga. Lemon kwalba ka ajiye shi sai ranar biki ko Juma'a, kuma maltina da ruwan 'ya'yan itace na kwali duk gidansu ɗaya, kada sunan ya ruɗe ka. Shayi ka rage sukari da rabi, bayan sati ka ƙara ragewa, harshe yana sabawa wallahi, bayan ɗan lokaci irin wanda ka saba sha a da zai yi maka zaƙi har ya gundure ka. Ka ce ma mai shayi "cokali ɗaya", in ya manta ka sake faɗa mishi gobe. Soɓorodo a yi shi a gida da citta da kanumfari da ɗan sukari kaɗan. Zuma da mazarƙwaila ma sukari ne a cikin jiki, kada ka ce ka bar sukari ka koma tuttula zuma.

Hura da nono kuwa ban ce ka bari ba, abinci ne mai kyau, gero ne da nono, ga ƙarfi ga sinadarin gina jiki da na ƙashi. Gyaranta uku ne, a dama ba sukari ko ɗan kaɗan, nono ya fi hura yawa, sannan ka ɗauke ta a matsayin abincin rana cikakke. Kuskuren shi ne a ci shinkafa da miya a ƙoshi sannan a kawo kwanon hura a ce korawa ce, ka ga ka ci abincin rana sau biyu ke nan. Ka kuma kula da ruwan da aka dama da ƙanƙarar da aka saka, taifod da zawo ta nan suke shigowa.

Ruwa kuma ka sha shi sosai, a watan Maris da Afrilu da Mayu zufa tana kwashe ruwan jiki fiye da yadda kake zato. Ba sai ka ƙirga ledar fiya wata ba, ka duba fitsarinka, in ya yi ja-ja ruwa bai ishe ka ba, in ya yi haske-haske to lafiya. Wani lokaci abin da muke ɗauka yunwa ce da yamma ƙishirwa ce.

Mataki na 4: gyara yadda ake zuba kwano

Idan abin sha ya zauna sai a shiga kwano. Yadda muka saba shi ne tuwo ko shinkafa su cika kwano fal, miya ta zama abin dangwale, nama yanka ɗaya a sama. Juyawa za ka yi. Rabin kwano ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama ko awara, sauran kashi ɗayan tuwo ko shinkafa ko taliya, gwargwadon dunƙulen hannunka, in kai mai aikin ƙarfi ne kamar noma ko dako ko gini to ka ƙara, don jikinka yana ƙone shi. Mai malmala uku ya koma biyu tukuna, kada ya yi tsalle zuwa rabi. A yawaita miya, miyar kuka, miyar guro, miyar sure, miyar zogale, taushe da kabewa, a sha ta da cokali.

Annabi (SAW) ya ce ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinshi sharri ba, 'yan lomomin da za su tsayar da bayanshi sun ishe shi, in kuma ba makawa to a raba uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Mun haddace hadisin nan tun muna makarantar allo amma aiki da shi ne sai a hankali. Hanyar aiki da shi ita ce ka ci a zaune cikin natsuwa, ka tauna, ka ajiye waya, domin ciki yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, mai haɗiyar sauri kafin saƙon ya iso ya riga ya wuce gona da iri. Ka tsame hannu lokacin da kake jin za ka iya ƙarawa.

Ga masu cin tire ɗaya da 'yan'uwa ko abokan shago, na san raba kwano yana da nauyi, sai a ga kamar girman kai. Ba sai ka ware ba, ka shata gabanka da ido tun farko ka tsaya a nan, ka fara da ganye da wake, ka zama mai jinkirin loma, in ka gama ka ce alhamdu lillahi ka tashi ka wanke hannu, zaman gaban tire bayan an ƙoshi shi ke sa a ci gaba da tsakura.

Maganar hatsi, gero da dawa da maiwa sun fi farar shinkafa da fulawa da indomi riƙe ciki, musamman in ba a surfe su sun yi fari tas ba, don a dusar nan ne harza da sinadarai suke. Ban ce shinkafa haramun ba, muna noma ta a Wurno da Goronyo kuma muna son ta, amma a haɗa ta da wake, rabi da rabi in zai yiwu, a yanka latas da tumatir da albasa da kokwamba a kai. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a yini, kamar cikin tafin hannu sau biyar. A nan garin wannan ba abin wahala ba ne lokacin rani, ka leƙa Ramin Kura ko ka bi ta Kwalkwalawa ka ga kabeji da karas da latas da albasa, da damina kuma ga zogale da rama da tafasa har a bayan gida. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa abincin dare ne cikakke mai arha, ni a ganina babu wani salak na otal da ya kama ƙafarshi. A dai wanke ɗanyen ganye sosai da ruwa mai tsabta. Kankana, gwanda, goba, lemu, mangwaro, a ci su da tsokarsu, ya fi a matse a sha.

Mataki na 5: mai da gishiri da magi

Wannan matakin na mai riƙe da ludayi ne, don haka maigida in kana son canji ka zauna da uwargida ku yi magana ta fahimta, ba wai ka dawo ka ture kwano ka ce mai ya yi yawa ba. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na hatsi kusan 4, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ko man shanu kusan kalori 120 ne, to ki duba yadda muke tsiyaya shi daga galan kai tsaye ko a kan garau-garau da ɗanwake har ya kwanta a gindin kwano. 'Yar'uwa ki riƙa aunawa da cokali, ki rage kashi ɗaya cikin uku na abin da kika saba, ba wanda zai gane a gidan. Soye-soye irin ƙosai, fanke, soyayyar doya, dankali, soyayyar awara, a mai da su sau ɗaya ko biyu a sati, a sauran ranaku ga alala, ga dafaffen ƙwai, ga dafaffen dankalin Hausa, ga awara cikin miya. Tsire da balangu ba laifi, ka ce ma mai nama ya zaɓo maka tsoka ya bar kitsen, kada ya tsiyaya mai a kai, ya cika albasa da tumatir.

Gishiri kuma ƙa'idar ƙasa da giram 5 ne a yini, cokalin shayi ɗaya ke nan duka-duka har da wanda ke cikin magi da biredi da kilishi da garin indomi. Dunƙulen magi mafi yawanshi gishiri ne, sai a jefa shida a tukunya a kuma ƙara gishiri a ƙara a yaji. Ga mai hawan jini wannan babbar magana ce. A rage a hankali, a cike gurbin da daddawa da tafarnuwa da citta da masoro da tarugu da busasshen kifi, da su kakanninmu suka yi miya kafin magi ya shigo.

Mataki na 6: lokaci

Kada ka tsallake safe da rana ka zo dare ka rama, shi ne tsarin da yawancin 'yan kasuwa da ma'aikata ke kai, kuma shi ke gina tumbi. Ka karya da abin da zai riƙe ka, koko ko kunun gyaɗa mai ɗan sukari kaɗan da ƙwai biyu ko alala, ɗumame ma ya yi in malmala ɗaya ce da miya sosai. Abincin dare a ci tsakanin magariba da isha'i, a bar awa biyu ko uku kafin kwanciya, indomi da ƙwai da shayi ƙarfe 11 na dare a wajen mai shayi a bar ma ranar da ba yadda za a yi. Barci kuma awa 7 ake so ga babba, wanda ke kwana danna waya sai ya tashi da kwaɗayin zaƙi da kasala, in dare bai ishe ka ba saboda zafi da rashin wuta ka ɗan yi ƙailula.

Mataki na 7: motsa jiki a garin da rana ke dukan mutum

Abin da ake so ga babba minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, wato minti 30 sau biyar, sai kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a sati. Matsakaici yana nufin tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. In ka daɗe ba ka yi ba fara da minti 10, ka ƙara biyar duk sati. Lokaci mafi kyau a Sakkwato bayan sallar asuba ne kafin rana ta fito, ka fito masallaci kada ka koma shimfiɗa, ka zaga unguwa, na kusa da filin wasa na Giginya su tafi can. In safiya ba ta yiwu ba to gab da magariba ko bayan isha'i. Tsakanin ƙarfe 11 da 4 lokacin bazara kada ka gwada, kuma masu sa rigar leda ko suwaita wai don su yi zufa kitse ya narke, ku bari, ruwa ne ke fita ba kitse ba, kuma zafi yana iya kayar da mutum. Da hunturu in ƙura ta yi yawa mai asma ya yi nashi cikin gida.

Cikin yini ma akwai dama, ka sauka kabu-kabu ko keke kafin ka kai gida ka ƙarasa da ƙafa, aiken da ke bakin layi ka je da kanka maimakon tura yaro, mai zaman shago ko ofis ya riƙa miƙewa duk bayan rabin awa ko awa. Tafiyar minti 10 bayan cin abinci tana taimakawa wajen saukar da suga.

Matan da ba su cika fita ba, tsakar gida ta isa. Ki zaga ta da sauri minti 15 da safe 15 da yamma, tsallen igiya in gwiwa lafiya, zauna-tashi a bakin gado ko kujera sau 10 ki huta ki sake har sau uku, tura bango da hannu biyu, ɗaga galan mai ruwa. Ki jawo maƙwabciya ko ƙanwa ku riƙa yi tare, ya fi daɗewa. Maza kuma fireshof da zauna-tashi da ɗaga jarka sun isa farawa. Amma a sani, motsa ciki kaɗai ba ya cire teɓa, jiki ba ya zaɓen wurin da zai ƙone kitse, sai nauyi gaba ɗaya ya sauka ciki ke bi. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya ɗauke yana cikin motsa jiki ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Mataki na 8: in ƙiba kake nema

Wannan yana ci mini rai ƙwarai, musamman 'yan mata da ake shirin aure. Ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan sha ka fashe ko ake dakawa cikin haɗin gyaran amarya, sau da yawa deksametason ne ko maganin da ke buɗe ciki irin sifroheftadin. Deksa ba ƙiba ta lafiya yake kawowa ba, fuska ce ke kumbura, ruwa ya taru a jiki, ciki ya fito ƙafafu su sirance, fata ta tsage, ga hawan jini ga ciwon suga ga raunin ƙashi ga garkuwar jiki ta yi ƙasa. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke shi rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, ta je likita ya sauke mata a hankali, ba abin kunya ba ne.

Hanyar gaskiya ita ce a ci sau biyar a yini maimakon uku, a ƙara gyaɗa, kunun gyaɗa, aya, dabino, kindirmo, ƙwai, wake, kifi, ayaba, a kuma yi aikin ƙarfafa tsoka don abin da aka ƙara ya zama tsoka. Wanda kuma yake ramewa haka kawai ba da niyya ba, ko da tari fiye da sati biyu da zufar dare, ko yawan fitsari da ƙishirwa, asibiti zai fara zuwa, gwajin tarin fuka da maganinshi kyauta ne a asibitocin gwamnati. Su ma shayin rage ƙiba da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp, da yawansu abin sa zawo ne irin filasko, ruwa za ka zubar sikeli ya nuna ka ragu, kwana biyu ya dawo. Ruwan zafi da lemun tsami ma ba ya narka kitse.

Mataki na 9: ranar da ka karya, da biki, da azumi

Za ka karya, wannan babu shakka, ranar suna ko ɗaurin aure ko gidan surukai inda ba ka isa ka ce ma Inna ka ƙoshi ba. Abin da ke rusa mutane shi ne tunanin "tunda na ɓata yau bari in bari sai wani wata". Wanda alwalarshi ta karye ai ba ya barin salla, sakewa yake yi, to kai ma abinci na gaba shi ne wurin gyara, ba Litinin mai zuwa ba, kuma kada ka hukunta kanka da yunwar yini guda. Wani bincike da aka yi a Landan a 2009 ya nuna sabon hali yana ɗaukar kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu ƙasa da haka wasu sama sosai, kuma tsallake rana ɗaya bai rusa komai ba. Shi ya sa nake cewa a ɗauki mataki ɗaya a riƙe shi sati biyu kafin a ɗora wani, aikin da Allah ya fi so ma ai wanda aka dawwama a kai ne ko da kaɗan ne. Kafin ka tafi gidan biki ka ɗan ci wani abu a gida, a can ka zaɓi ɗaya, ko lemo ko waina ko cincin, ba duka ba.

Azumi dama ce babba amma da yawa sai su fito Ramadan da ƙarin kilo, saboda buɗe-bakin ya zama ƙosai da soyayyar doya da dankali da kunu mai sukari da lemo duk a zama ɗaya. Ka sha ruwa da dabino uku da ɗan kankana, ka tashi ka yi magariba, ka dawo ka ci kwano irin wanda muka tsara a sama, ruwa kuma a sha shi kaɗan-kaɗan har zuwa sahur maimakon a ɗura lita guda lokaci ɗaya. Sahur a yi da abin da ke jimawa a ciki, tuwon gero ko dawa, wake, nono, ƙwai, a rage gishiri don kada ƙishirwa ta dame ka. Tafiya zuwa tarawihi a ƙafa ta zama motsa jikinka na watan. Azumin Litinin da Alhamis ma yana taimakawa in ba a rama da dare ba, mai ciwon suga dai ya tambayi likitanshi kafin kowane azumi.

Sikeli kuma sau ɗaya a sati ya isa, rana ɗaya lokaci ɗaya, don nauyi yana hawa da sauka da kilo 1 ko 2 saboda ruwa da gishiri, ga mata kuma har da lokacin al'ada. In sati uku ko huɗu suka wuce bai motsa ba kada ka rage abinci zuwa yunwa, ka ɗauki kwana uku kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka har gyaɗar da aka miƙo maka a majalisa, galibi a nan za ka ga inda sukari ko mai ya sake lallaɓowa, sai ka ƙara minti 10 a tafiyarka. Igiyar nan ta awon ciki ka gwada ta duk wata, bayan wata uku kuma ka koma a sake auna maka jini da suga, ka tafi da takardar awon farko don likita ya kwatanta, in kana shan magani shi ne zai ce ko a rage ko a bar shi yadda yake.